Babu Igiya a Kogin Kaka

Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki, ƴaƴan maƙwabta suka shigo gidan nan suna wasan katantanwa a kan siminti. Ta yanzu ma ba katantanwa ba ce, wani murfin roba ne suke harhaɗawa, amma idan ta kama juyi ƙarar ɗaya ce, siririn gunji kamar na zuma a cikin tulu. Na daka musu tsawa na ce su matsa gaba kada su fasa mini kai. Ƙarya nake, kaina lafiyarsa lau. Ƙarar mazarin kakata ce na ji, kuma ban shirya jinta da farar safiya ba.

A wani ɗan ƙauye aka haife ni tsakanin Gangara da Tanut, lokacin Nasara bai daɗe da zama a ƙasar ba. Idan ba ka san Damargu ba, bari in gaya maka abu ɗaya, domin labarin nan a kansa ya rataya. Mu ruwa da igiya tare muka san su. Rijiyar garinmu zurfinta ya kai inda idan ka jefa tsakuwa sai ka gaji da jira. Takarkari ne ke jan guga, ya yi ta tafiya da igiya har mai korarsa ya zama ɗan ƙarami a ido, sannan ruwa ya iso baki. Itatuwan bakin rijiyar duk igiya ta ci su ta yi musu kwari. Da damina akwai tafki, jajayen ruwa masu ɗumi da muke rabawa da shanun Fulani, amma kafin a gama kai gero rumbu ya zama tsagaggiyar laka. Ruwan da ba ya ƙafewa da rani, a saninmu, a can ƙarƙashin ƙasa yake zaune, sai an aika masa igiya.

Kakata ta wajen uba ita ce aka sa mini sunanta, shi ya sa take kirana takwara, Baba kuma yake kirana uwata. Gajeruwa ce, baƙa, da wasu ƙananan tsage a goshi waɗanda ban taɓa ganin irinsu a fuskar kowa ba. Kakannin ƙawayena suna zuwa biki garuruwansu su dawo da tsaraba, ita kuwa ba ta zuwa ko'ina, ba kuma wanda ya taɓa zuwa ya ce shi danginta ne. Da na tambaye ta ina ne garinsu, sai ta ja mini kunne ta ce garinsu shi ne nan inda nake taka mata tabarma da ƙazaman ƙafafuna. Ban sake tambaya ba, a gidan ma ba a maganar.

Kaɗi ne aikinta na kullum. Amma abin da aka san ta da shi har Belbeji shi ne rakiya. Haka mutanen garin suke kiransa, ban san masa wani suna ba. Idan wanzami zai tsaga wa mutum kumburi, ko maɗori zai ja karyayyen hannu, ko haihuwa ta yi gardama, sai a ce a kira tsohuwa ta raka shi. Takan zo da taskirarta, ta zauna daidai inda mara lafiya zai gan ta, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari. Ba ta gaggawa. Tambayarta ta farko kullum ɗaya ce:

"Ina za mu je?"

Mutum ya faɗi. Wani ya ce gonarsa, wata ta ce ɗakin uwarta, wani Buzu da raƙumi ya kayar ya ce wata rijiya can arewa. Sai ta yi ta tambayarsa hanya, ta wace ƙofa ake fita, wace itaciya ce a dama, ƙasar wurin fara ce ko ja, wa ake tararwa. Idan ta gama tattarawa sai ta ce ya zuba wa mazari ido, ta fara mayar masa da hanyarsa a hankali, da wata murya ƙasa-ƙasa wadda ba ta hawa ba ta sauka, tana tafiya tare da gunjin mazarin. Kana kallo idon mutum zai yi nauyi, kafaɗunsa su sauka, numfashinsa ya yi tsawo. Ba barci ba ne, don idan ta yi tambaya yana amsawa. Wanzami ya yi aikinsa ya gama, mutum yana can yana duba gero a gonarsa. Sannan ta juyo da shi ta hanyar da suka bi, ta ce mu koma gida, rana ta yi.

An yi ta gulma cewa aljanu ne da ita. Liman da kansa ya zo ya tambaye ta, ta ce masa ita ba ta da kowa sai zare da baki, ya zauna ya gani idan yana so. Ya zauna ya gani, ya yi mata addu'a ya tafi. Akwai kuma wani mutum da ke zuwa kasuwar Gangara yana tara jama'a. Yakan kwantar da zakara ya ja masa layi a ƙasa daga baki, zakara ya sandare kamar matacce. Daga nan ya zaɓi samari ya kafa musu ido, sai ka ga ƙato ya hau taɓarya yana sukuwa wai doki ne, kasuwa ta kwashe da dariya. Ni abin ya burge ni ƙwarai, na dawo ina ba Kaka labari ina kwaikwayo. Ta yi dariya ita ma, amma ta ce hanyar ɗaya ce, bambancin shi yana kai mutum inda shi yake so ne. Dokarta ita ce ba a ƙara wa mutum ko tsinke a hanyarsa. Abin da ya ba ka, shi za ka mayar masa.

Tun ina ƴar mitsitsiya ta koya mini kaɗi, da na tasa kuma ta fara koya mini muryar. Ƙanena ne na fara gwadawa a kansa, ranar da ƙayar aduwa ta shige masa dunduniya. Na raka shi garken awaki, inda ya fi so a duniya, Baba ya cire ƙayar yaro bai motsa ba. Wannan rana ban taka ƙasa ba don fahari. Na bi gida-gida ina shela, har Kaka ta ce idan na ci gaba da haka bakina zai riga mazarina tsufa.

Da daminar da na kai shekara goma ko kusa da haka, kurkunu ya fito wa Kaka a ƙwauri. Yanzu an ce mana ruwan tafki ne ke kawo shi, mu a lokacin ƙaddara kawai muka sani, kuma kowace damina sai ya kwantar da rabin gari daidai lokacin noma. Ana naɗe shi a ɗan tsinke, kullum a ja kaɗan. Nata ya tsinke a ciki. Cikin ƴan kwanaki ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, zafinta kana jinsa tun kafin ka taɓa. Wanzamin garin, wanda ya shekara da shekaru yana aiki a inuwar muryarta, ya zo ya duba ƙafar. Daga baya ya ce sai an tsaga an yi sakiya da ƙarfen da aka gasa a wuta ya yi ja, kuma ba za a kai gobe ba, don kumburin ya haura gwiwa.

Aka fito da ita ƙarƙashin rumfar zana da hantsi. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi, hayaƙin gawayin wanzami yana kwantawa ƙasa-ƙasa. Baba ya kira ƙannensa don su danne ta, kamar yadda ake yi a garuruwan da ba su da mai rakiya. Kaka ta ɗaga hannu.

"Ba wanda zai danne ni. Takwarata za ta raka ni."

Duk garin nan ba wanda ya hau askar wanzami ido biyu tun da na yi wayo, saboda ita. Yau ga ta ita kanta a gaban askar, kuma babu abin da ya tsaya tsakaninsu sai ni. Na zauna inda take zama, na shafa alli, na murza mazari, na yi tambayar da na ji ta yi wa kowa.

"Kaka, ina za mu je?"

Na ɗauka za ta ce gonar Baba, ko gindin magaryar da take shan iska. Sai ta ce:

"Ban san sunan garin ba, takwara. Ina ƙarama aka ɗauke ni, ayari ya kawo ni nan. Ko sunan nan da muke rabawa da ke, a hanya aka sa mini shi. Amma akwai ruwa a bayan garin, mai tafiya, garai-garai, ba ya ƙafewa rani da damina. Akwai faffaɗan dutse da mata ke wanki a kai. Uwata tana da mundaye a ƙafa, idan tana tafiya suna ƙara. Abin da ya rage mini ke nan."

Na dubi Baba, na ga ya sunkuyar da kai. Shi ma a ranar ya fara ji daga bakinta.

Hanya ce gajera, ba ƙofa, ba itaciya, ba launin ƙasa. Amma na kama abin da aka ba ni na fara. Na ce ga mu mun fito bayan gari, ga uwarki a gaba, kina jin mundayenta. Na maimaita, na sassauta murya yadda ta koya mini. Wallahi abin ya kama. Idanunta suka yi nauyi, hannunta ya saki gefen tabarma, fuskar nan da ta kwana a murtuke ta warware. Leɓenta ya motsa ta faɗi wata kalma da ba Hausa ba, ba Buzanci ba, ba yaren kowa a cikinmu ba. Wanzami ya gyaɗa mini kai, ya jawo askarsa, ya tura ƙarfen cikin wuta.

Na kai ta dutsen wanki. Daga nan kayana suka ƙare, ga shi wanzami bai ko fara ba. Idan murya ta tsaya mutum yana dawowa, na san wannan. Sai na yi tunani irin na ƴar Damargu, na ce ruwa garai-garai wanda ba ya ƙafewa da rani, ai dole a ƙasa yake, kuma mace ba ta zuwa bakin ruwa ta dawo hannu wofi. Na ce:

"Ga uwarki ta zura guga, tana jan igiya, tana ja..."

Idanun Kaka suka buɗe tar. Ta dube ni kamar wadda aka tasa daga barci mai daɗi, ba fushi a fuskarta ko kaɗan.

"Babu igiya a can, takwara."

Na sake murza mazarin, zaren ya tsinke. Na ƙulla, ya sake tsinkewa. Muryar ta tafi, kuka ya zo a madadinta. Baba ya ce wa wanzami ko za a bari sai la'asar yarinya ta huce, wanzami ya girgiza kai ya nuna ƙafar. Ina jin su, ina kuka, na san na buɗe mata ƙofar gidansu bayan shekarun da ba ta iya ƙirgawa, kuma ƙofar ta rufe tana tsaye a bakinta.

Kaka ta miƙo hannu ta karɓi mazarin.

"Share hawayenki, sarkin kuka. Ba ki taɓa ganinsa ba, ta yaya za ki sani? Matso in nuna miki shi, don wani karon ki san hanya. Dubi nan."

Na ɗauka karatu ne za ta ƙara mini kafin mu sake gwadawa. Na matso na zuba wa mazarin ido. Ta fara magana.

Har gobe ina iya gaya maka abin da na gani. Ƙasa ta gangara, ciyawa ta kai mini ƙugu. Na ji ƙarar ruwan tun kafin in gan shi, kamar ana ta zuba gero a ƙwarya ba a dainawa. Na taka dutsen, yana da santsi da ɗumin rana. Na sa ƙafa, sanyi ya kama mini idon sawu, ruwan yana ture ni a hankali yana wucewa abinsa, wani yana zuwa a bayansa. Na ga tsakuwoyi a ƙasansa ɗaya-ɗaya. Wata mace tana gabana, ban ga fuskarta ba, sai ƙarar mundaye. Muryar ta ce in sunkuya kawai, in haɗa tafuna biyu. Na sunkuya na ɗebo na sha, ba guga, ba takarkari, ba jiran layi. Na yi ta wasa a wurin ban san iyakar lokacin ba, har na ji an ce mu koma gida, rana ta yi.

Da na buɗe ido inuwar rumfar ta matsa. Warin ƙonannen nama ya cika wurin, an ɗaure ƙafar da tsumma da garin bagaruwa. Kaka tana kwance, zufa ta jiƙa mata zane sharkaf, mazarin yana can gefe cikin ƙasa. Wanzami, babban mutum mai furfura, ya juya mana baya yana wanke askarsa, kafaɗunsa suna rawa.

Sai da na girma Baba ya gaya mini sauran. Ya ce tun tsagar farko mazarin ya faɗi daga hannunta, ta damƙe wuyan hannunsa. Amma muryar ba ta tsaya ba. Aka tsaga, aka matse, aka sa jan ƙarfe, tana ido biyu tana kallon komai, tana gaya mini yadda ruwa ke wucewa a kan tsakuwa, muryar ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Ya nuna mini tabon farcenta a hannunsa, da shi aka binne shi. A duk rayuwarta ranar ce kaɗai ta karya dokarta ta kai mutum inda bai ce a kai shi ba, kuma ta yi ne don kada in ga abin da za a yi mata.

Ƙafar ba ta warke ba. Zazzaɓi ya shige ta, kafin gero ya fitar da kai ta daina gane mutane. Ni kuwa yanzu na san hanya, na san ta dutse-dutse. Kullum da hantsi nakan ɗauki mazarin in zauna a gabanta in ce Kaka tashi mu je, ga uwarki a gaba, babu igiya, sunkuyawa kawai za mu yi. Idonta a buɗe yake amma ba ya bin mazarin. Rakiya kuwa sai da mai bi. Na yi ta faɗi duk da haka, har ranar da matan gidan suka janye ni daga ɗakin. Ban sani ba ko ta isa. Wannan rashin sanin shi ne ya fi komai ci mini rai, kuma tsufa bai rage shi ba.

Na yi rakiya bayanta shekaru masu yawa, galibi ga mata masu naƙuda, har allurar kashe zafi ta iso ƙasarmu aka daina kirana. Ban ji haushi ba, allura ba ta kuskuren hanya. Kogi kuwa sai da na yi jikoki na gan shi da idona, lokacin da ɗana yake aiki a Yamai. Na sa aka tsayar da mota, na gangara na sunkuya na ɗebo da tafuna, mutane suna kallon tsohuwar ƙauye tana kuka a bakin ruwa. Amma ba shi ba ne. Na Yamai ya yi faɗi da yawa, ruwansa kuma ba ka ganin ƙasansa.

Yanzu a Damagaram nake, gidan ɗana, ruwa yana zuwa ta famfo idan ya ga dama. Jikana, wanda nake tsokana da maigida, yana karatun aikin lokotoro, wato likita. Kwanan baya ya shigo da wasu littattafai na Nasara ya ce a cikinsu an rubuta yadda ake sa mutum ya lula da magana kawai, wasu don a ba jama'a dariya a dandali, wasu don a rage wa mara lafiya zafi. Ya ji labarina a wurin ubansa, shi ne ya zo yana tambaya da wanne ya kamata ya fara. Na ɗaga su na ji nauyinsu, don iyakar karatun da zan iya yi musu ke nan. Na ce ya karanta duka, akwai abin da suka sani wanda ni da Kaka ba mu sani ba. Amma na ce kafin ya buɗe ko ɗaya ya zauna, akwai abin da nake so ya riƙe tun bakina yana aiki.

Ya zauna yana dariya, ya ce, "To, amarya, ina za mu je?"

Na gaya masa. Na ce ta ƙofar yamma ake shiga garin, ƙasar wurin ja ce, akwai magarya a dama. An yi ruwa da asuba. Akwai rumfar zana, akwai wata gajeruwar tsohuwa a ƙarƙashinta tana kaɗi, ƙafafunta biyu lafiya lau. Na sa ya maimaita mini har ya daina dariya. Sai ya tambaye ni ko akwai ruwa a hanyar, don kada ya yi kuskure.

Na ce akwai rijiya, maigida, kuma ka sa mata igiya. Ni a tawa hanyar akwai igiya.